Ranar da Gwaggo Kuluwa Ta Ɓoye Ni a Motar Majigi

Ranar Laraba ce bayan la'asar, ina tsakar gida a Gagarawa ina tsince wake, sai direban motar Gumel ya yi sallama a zaure. Na aika masa da ruwa, ya ƙi sha. Da na fito ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya Saude, sai haƙuri. Gwaggo Kuluwa ta riga mu gidan gaskiya da hantsi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi ko ta yi jinya, ya ce zazzaɓi ne na kwana biyu, kuma ita ta hana a aiko mini, wai kada a tayar mini da hankali a kan ciwon da bai kai ya kawo ba. Kafin in isa Gumel an riga an kai ta makwancinta.

Washegari aka sanar da rasuwar a rediyo da talabijin, layi ɗaya tak, kuma ko sunanta ba a faɗa daidai ba. Raina ya ɓaci, amma ban yi mamaki ba. Shekaru da dama tana fitowa a wasannin kwaikwayo na talabijin, tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a gaban akwati ɗaya, amma ba a taɓa ba ta babban matsayi ba. Kullum ita ce maƙwabciya mai gulma, ko dillaliya mai ha'inci, ko tsohuwar da ke korar yara daga gindin mangwaro. Ta shigo, ta ɓata wa kowa rai cikin minti uku, ta fita. Mutane sun san fuskarta, suna jin haushinta, ba su san sunanta ba. Na sha yi mata ƙorafi a kan haka, ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Saude, in kowa ya zama amarya wa zai wanke tukunya?"

A gida kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin halayen nan. Ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. In ba kowa, sai ta leƙa titi ta kira mai wucewa. Ba ta iya karatun boko ba, don haka sau ɗaya ake karanta mata wasa ta haddace nata da na abokan wasanta, in wani ya manta ta raɗa masa ba tare da ta motsa leɓe ba. Amma ba a kan waɗannan na zauna rubutu ba. Akwai wata rana guda da ta sa na yi shekaru ina fushi da ita, kuma yau ba ni da abin alfahari kamar ranar.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ɗaya ma ya rasu tun kafin a haife ni, don haka da aka yaye ni sai Baba ya ba ta ni riƙo. A ɗakinta na tashi, a bayanta na yi wayo, tana sayar da fura a tashar Gumel. Shekaru kaɗan kafin a sami 'yancin kai, ina da kamar shekara takwas, masu majigi suka zo neman macen da za ta fito a wani wasa na gargaɗi a kan cutar agana. A lokacin agana tana kwasar yara, mutane kuma suna gudun lamba, wato allurar da ake tsaga wa yaro a damtse don kare shi. Babu mai gidan da zai bar matarsa ta fito a bango jama'a suna kallo. Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce za ta yi.

Wasan gajere ne. Wata mata ta ji mai lamba ya shigo gari, ta ɓoye 'yarta Lami a cikin rumbu. Bayan an kwana biyu agana ta kama yarinyar, ta mutu. Gwaggo ce uwar, ni ce Lami. Da ƙullun gero da jar ƙasa aka yi mini ƙurajen. Na tuna an ce in kwanta in rufe ido kada in yi dariya, sai na ji Gwaggo ta faɗo kaina da wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba. Har mai ɗaukar hoton ya ce ya isa, ba ta daina ba.

Da aka gama haɗa wasan sai aka fara yawo da shi ƙauye-ƙauye a motar majigi tare da mai lamba, ana tafiya da Gwaggo don ta shiga gidaje ta yi wa mata bayani, ni kuma ƙafata ƙafarta. A garuruwan kusa da Gumel abin bai yi tasiri ba. Kowa ya san mai furar tasha, kowa yana ganina ina tsalle a gefen mota. A yi kallo, a yi shewa, a ce, "Ga mamaciya can tana cin gyaɗa!" Da safe mai lamba ya kafa teburinsa ya wuni yana korar ƙuda.

Sai muka je wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, dab da iyaka, inda ba a taɓa ganin majigi ba. Mun isa da magariba, ni kuwa gajiyar hanya ta sa na yi barci a bayan mota tsakanin akwatuna, ba wanda ya gan ni. Aka kafa farin ƙyalle, aka nuna wasan. Mutanen nan ba su san akwai wani abu wai shi kwaikwayo ba. Abin da suka gani da idonsu shi ne wata mata ta kashe 'yarta da taurin kai, kuma ga matar nan zaune a gefen mota, ko kunya babu.

Hayaniya ce ta tashe ni da sassafe. Na ɗaga kai zan leƙa, sai na ji hannun Gwaggo ya danne ni. Malam Ilu, wanda ke yin sharhi da lasifika in ana nuna majigi, yana tsaye a bakin mota.

"Kuluwa, fito da yarinyar nan su gan ta. Matan garin nan gaba ɗaya sun taho, wasu da muciya a hannu. Su ga tana raye a huta."

"Malam, dubi gindin tsamiya," in ji Gwaggo.

Ni ma na duba ta wata ɓarakar katako. Mai lamba ko teburinsa bai gama kafawa ba, amma ga iyaye mata sun yi layi, kowace da goyo a baya da wani a hannu. Ba mu taɓa ganin haka ba a duk inda muka bi.

"In suka ga Saude," Gwaggo ta ce, "za su ce ashe ƙarya ce, kowa ya kama gabansa. Jiya mai gari ya ce agana tana garin da ke gabas da su, tafiyar hantsi."

"In suka ji miki ciwo fa? In labari ya kai wa yayanki an ce 'yarsa ta mutu?"

Ta san halin Baba sarai. Duk da haka ta miƙo mini goran ruwa, ta ja tamfol ta rufe ni, ta sa baki kusa da kunnena ta ce, "Ko me kika ji, kada ki motsa. In kina ƙaunata, kada ki motsa."

Daga ƙarƙashin tamfol na ji komai. Ta sauka ta zauna a ƙasa a gaban mota. Mata suka kewaye ta. Wata mai kaushin murya, wadda daga baya na ji ita ce ungozomar garin, ta ce, "Ke baiwar Allah, tsakaninki da Allah, da gaske kin ɓoye abin da kika haifa daga mai lamba?"

Na san Gwaggo ba ta ƙarya, ko a ciniki. Na ƙosa in ji yadda za ta fita.

"Na ɓoye," ta ce. "Da hannuna na sa shi a rumbu, na rufe, na ce wa mai lamba ba yaro a gidan nan. Kafin damina agana ta ɗauke shi. Shekararsa huɗu."

Wata ta ce, "Shi? Ba mace muka gani ba?"

"Mace ko namiji, ɗa ɗa ne. Ku je ku kai naku."

A nan ne, cikin zafi da warin man inji, na fara sanin yadda ɗan Gwaggo ya mutu. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. A nan na gane kukan da ta yi a kaina.

Matan ba su tausaya mata ba. Na ji tofin yawu, na ji "Allah wadai," na ji ƙarar hoge ya fashe a jikin mota, wani kuma bai yi ƙara ba, domin jikinta ya samu. Ta roƙi ruwa, aka ba ta, da ta sha aka fasa ƙoƙon a gabanta. Malam Ilu ya yi ta ba su haƙuri ba mai sauraronsa. Ni kuwa na cusa bakin zanena a baki ina kuka. Sau biyu na kama bakin tamfol zan yaye in ce ga ni, sau biyu na sake shi. Ita ba ta tashi daga wurin ba. Duk wadda ta gama zaginta sai ta ce mata, "Na ji. An yi wa naki?" Haka aka yi har azahar, har mai lamba ya ce kayan aikinsa sun ƙare, babu kuma sauran yaro a layi. Sai da mota ta bar garin da nisa ta yaye tamfol. Goshinta ya kumbura, jini ya bushe a gefen ido. Ta shafa ni tun daga kai har ƙafa.

Ranar Alhamis labari ya shiga kasuwar Maigatari, daga nan kuwa ba inda ba ya zuwa. Kafin mu koma Gumel har an je yi wa Baba gaisuwar mutuwata. Mun same shi a ƙofar ɗakin Gwaggo, an riga an ɗaure kayana a ɗankwali.

"Kuluwa, amana na ba ki. Kin bari an yi wa 'yata makoki tana numfashi, kin bar ta a rana a ƙarƙashin tamfol kamar buhun gero. Da buɗe baki ɗaya kin hana duk wannan."

"Gaskiya ne, Yaya," ta ce.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kawo hujja ba. Ya kama hannuna, ina ihu ina kiran sunanta, tana tsaye riƙe da ƙyaure. Ban ƙara kwana a ɗakinta ba sai bayan na yi aure na haihu. Furarta ma ta daina shiga, don 'yan ƙauye in sun sauka a tasha sai su nuna ta su ce ga uwar Lami. Ba a jima ba ta bar garin ta koma birni, ta shiga wasan rediyo, daga baya talabijin, sai da ta tsufa ta dawo Gumel.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zubar mini da mutunci: na daɗe ina jin haushinta. A ganina ta zaɓi 'ya'yan mutanen da suka tofa mata yawu ta bar ni. Da muka shirya ma ban taɓa buɗe baki na ce mata na gane ba. Sau ɗaya na tayar da zancen, ta katse ni ta ce, "Abin da ya wuce a rufe shi, tuwo na sanyi." Ni kuma na ji daɗin da ta katse ni, na yi shiru. Wannan shirun shi ne ke cina yanzu.

Ranar addu'ar uku wani dattijo sa'ana ya zo, mai fataucin shanu a Maigatari, ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce a rediyo ya ji, ya gane ta duk da an ɓata sunan. Ya nemi ganin 'yan'uwa na kusa, aka kawo shi wurina. Bayan gaisuwa sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon lamba a damtsensa.

"A garinmu aka yi mini wannan, ranar da aka jefi marigayiya. Innata ce ta fasa ƙoƙon da ta sha ruwa. Mu huɗu ta ja zuwa gindin tsamiya, kuma mu huɗun muna raye. A bazarar da ta biyo baya garin gabas da mu sai da suka rasa masu haƙa kabari. Inna ta rasu tana tsine mata. Ni da na girma na gane wasa ne, na yi niyyar zuwa in nema wa Inna gafara, yau da gobe ta hana. Hajiya, ko kin san abin da ya sami yarinyar nan Lami?"

Na ce, "Ita ce ke maka magana. Ina cikin motar ranar, a ƙarƙashin tamfol."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To me ya hana ta fito da ke?"

Na nuna masa damtsensa. Dattijon nan ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka a gaban mata, ni ma na yi, kukan da ya kamata in yi a gabanta tun tana da rai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Gwaggo ba ta kwana da kowa a rai, ta yafe wa innarsa tun kafin mota ta bar garinsu. Wanda bai nemi gafararta ba har ta tafi, ni ce.

Ya Allah, ga baiwarka Kuluwa ta zo gare ka. Ta ɗauki zagi da jifa da rabuwa da abin da take so don 'ya'yan wasu su rayu, ka sanya wannan a mizaninta. Ka yafe mata kurakuranta, ka yafe mata ranar rumbu, wadda ita ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sada ta da ɗanta a Aljanna Firdausi. Ka jiƙan Baba, ka jiƙan matar da ta fasa ƙoƙo. Mu da ta bari, 'ya'yan 'yan'uwanta da jikoki da abokan aikinta, ka ba mu haƙurin rashinta, ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuma, ya Ubangiji, ka isar mata cewa Saude ta gane. Amin.