Daminar da Aka Yaye Ɗan Farina

Watansa goma sha huɗu lokacin da na gane ina da wani ciki. Ɗana ne na fari. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai in ce "yaron nan".

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Tsiga, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Mijina manomin auduga da dawa ne. Uwarsa, wadda nake kira Iya, ita ta tsinkaye ni ina amai a bayan rumbu, ta kira ni ɗakinta.

"Kwanika kika yi," in ji ta. "Nonon mai ciki guba ne ga yaro. Gobe a kai shi wurin mahaifiyarki, a yaye shi."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da safe na shafa maɗaci a nono, ya kama, ya saki, ya dube ni yana mamaki. Ƙanwar mijina ta goye shi zuwa ƙauyenmu, bayan Bakori. Ban raka su ko bakin zaure ba. Kwana uku rigata na jiƙewa da nono, ina daka ina haɗiye kuka.

Farkon damina ne. Wata uku ban gan shi ba, kuma ba shi yiwuwa in tambaya. In wani ya zo daga can, sai in raɓe kusa da Iya ina tsince shinkafa, ko za ta tambaya in ji. Kullum amsar ɗaya ce: yana nan lafiya, har ya yi ƙiba.

Da dawa ta fara fitar da kai, aka bar ni na je ganin gida. Na same shi zaune a kan tabarma ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyata. Bai rarrafo ba, shi da na rabu da shi yana tsayawa da bango. Kumatunsa sun cika, ƙafafunsa sun yi suntum, gashin kansa ya yi ja kamar gemun masara. Fatar cinyarsa tana saɓulewa. Ya kalle ni, ya kawar da kai.

"Inna, me yake ci?"

"Me zai ci? Koko safe da yamma, da ɗan tuwo in ya karɓa. Haƙori ne ya sa shi zawo, na jiƙa masa saiwa."

Inna tana son yaron nan kamar ranta. Haka ta yaye mu mu shida, huɗu muka rayu, ba ta san wata hanya ba.

Ranar kasuwa na goye shi, ga cikina ya fara fitowa, Inna ta bi ni, muka hau motar hatsi zuwa wani ƙaramin asibitin mishan a hanyar Malumfashi. Malamar jinyar da ta karɓe mu Bahaushiya ce Kirista, 'yar ƙauyukanmu. Ta danna babban yatsanta a ƙafarsa, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna bai taso ba.

"Ƙanwata, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Tamowa ce ta kama shi, ciwon rashin abinci mai gina jiki. Koko zalla yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. Ba ku da gyaɗa? Wake fa? Ƙwai?"

Inna ta ce, "Ƙwan zabi kam ƙwarya guda nake kaiwa kasuwa duk mako. Amma yaro in ya saba da ƙwai ai ɓarawo yake zama."

Malamar ba ta yi faɗa ba. "Inna, ni ma haka uwata ta gaya mini. 'Ya'yana uku sun ci, ba wanda ya ɗauki allurar wani." Ta juyo gare ni. "Nononki ma da kin ci gaba da ba shi, ba abin da zai yi masa."

Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai.

Ta ajiye mu a rumfar majinyata. Ta nuna mini yadda ake dama kunu da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a zuba garin madara, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Inna ta koma gida da ƙafa, ta dawo da ƙwai a ƙunshe cikin ƙaiƙayi, ta dafa da hannunta. Amma yaron ya daina son abinci. Sai ya datse baki, kunun ya gangaro ta gefe. A rana ta biyar ya sha cokali bakwai, har ya kama ɗan yatsana, na ce a raina mun tsira. A ta tara, da hantsi, zawon ya dawo. Kafin la'asar ya cika a cinyata.

Da muka koma, mata suka cika gidan Iya suna cewa in yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Na amsa da amin. Ba a kukan ɗan fari a bainar jama'a, don haka na riƙa zuwa ɗiban ruwa rafi ni kaɗai, tulun ya cika ina zaune.

Inna ba ta ƙara kai ƙwai kasuwa ba. Ba mu taɓa yin zancen da ita ba har ta bar duniya.

Bayan an tsince auduga na haifi mace. Shekara biyu cur na shayar da ita, kuma da lokacin yaye ya zo na ce a ɗakina za a yi. Iya ta ce ba a taɓa yi ba. Mijina, wanda bai cika magana ba, ya ce a bar ta wurin uwarta. Aka bar ta.