Gyaran Muryar da Ba ta Baƙo Ba

Ranar wata Asabar ce, a daminar da na shiga aji ɗaya. Matan gidanmu na haya a Tudun Wada suna baje a tsakar gida, wata na tsince shinkafa, wata ana mata kitso, Inna kuma da ɗaurin ƙirji tana wanki. Sai aka ji gyaran murya ta wajen zaure. Nan take gida ya kacame. Wadda ake wa kitso ta yi ɗaki da rabin kai a tsefe, mai shinkafa ta kifar da tire, Inna ta yayibo jiƙaƙƙen zani ta yafa. Aka yi ta jiran baƙo, shiru. Ni ne a bayan randa ina wasa da murafun kwalba.

A gidan nan namiji ba ya shigowa sai ya yi gyaran murya mata sun kimtsa. Ni kuwa wani abu ne ke taruwa a maƙogwarona kamar ƙaiƙayi, in ban fitar da shi ba sai in ji zan shaƙe, kuma da kauri yake fita, sak na babban mutum. Yaran layi suka sa mini suna Maigida. A Islamiyya malam ya ɗauka shaƙiyanci nake masa, na sha bulala har na gaji. A gida kuwa ranƙwashi ne da "Ka bari mana, Nura!" Da dare sai in cusa baki cikin filo don kada Baba ya ji. Tsoro nake ji sosai, don ni ma ban san abin da ke damuna ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa cewa in bari ba, Anti Ladi, mai ɗakin kusa da rijiya, wadda ke koyar da yara masu buƙata ta musamman. Ita kallo ta sa mini. Ta daɗe tana zama a ƙofar ɗakinta da yamma tana tsinkar zogale, tana lura da abin da ke faruwa kafin sautin ya fito da abin da ke biyo bayansa. Ta ga yana ƙaruwa da an ji ƙarar mashin ɗin Baba, ko lokacin Islamiyya ya matso. Ta ga yana kusan ɓacewa in na duƙufa haɗa motar langa-langa. Ta kuma ga da na yi sau ɗaya gida ya juyo kaina da tsawa, sai ya riƙa zuwa a jere. Ta samu Inna ta ce, "Maman Nura, wallahi ba da gangan yake yi ba. Idon da kuke zuba masa ne ke hura abin. Ku yi kamar ba ku ji ba, sannan a kai shi likita ya duba."

Inna ta yarda, amma Kaka, mahaifiyar Baba, ta riga ta iso daga Dutsen Abba da nata bayanin. Wai a asibiti aka haife ni, ba a cire mini belu ba, shi ne ya yi tsawo yana sosa mini wuya. Baba bai iya musu da uwarsa. Da safe wanzami ya zo da zabirarsa, aka danne ni a kan tabarma, aka buɗe mini baki da ƙarfi. Har yau ina tuna ɗanɗanon jinin, da kukan Inna a bayan labule. Na yi kwanaki ko koko ba ya wuce mini sai da hawaye, sautin kuma ya ɗauke, Kaka ta koma gida tana murna.

Da wuyan ya warke, muna cin tuwon dare da Baba, abin ya dawo yadda yake. Na runtse ido ina jiran mari. Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya daɗe yana kallona. Washegari ya tara mazan gidan a zaure ya roƙe su kowa ya riƙa ɗaga murya ya yi sallama, a bar gyaran murya. Daga nan mata suka daina zabura, aka daina juyowa, abin ya yi ta raguwa a hankali, ko da yake bai rabu da ni gaba ɗaya ba.

Yanzu gidan ya zama shaguna, an cike rijiyar, ban san inda Anti Ladi take ba. 'Yata ƙarama ta fara wani jan hanci da ba na mura ba, ni da uwarta muna lura da lokutan da yake zuwa, muna danne zuciya kada mu juya. In ta yi, Baba nake tunawa. Har ya koma ga Allah ban sake jin ya yi gyaran murya a gabana ba.