Jakar da Na Sa Aka Danne da Buhunan Taki

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da rajistar fasinjoji a tasharmu ta layin Argungu, nan Birnin Kebbi, akwai wata Alhamis ta farkon damina da har yau ba ta bar zuciyata ba. Ina ba ku labarinta ne, ku sababbin ma'aikata, domin kada ku maimaita abin da na yi.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, shugaban tasha ne babba, sai sakatare, wato ni, sai 'yan kamasho masu lodi, sannan direbobi. Mota ba ta tashi sai na rubuta sunan kowane fasinja, inda za shi, kayansa, da lambar wani nasa da za a kira idan wani abu ya faru. Ƙaramar mota tana ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kuma doka ce kowace jaka ta shiga but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, don kada a takura wa juna. Babu wanda ya kai ni tsare wannan doka, kuma ina alfahari da hakan.

Da hantsi wani saurayi mai suna Bashar ya zo, dogo, kakkaura, wanda ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba. Ya zauna a baya kusa da taga, ya rungume wata ƙaramar jaka. Can sai ga wani dattijo manomin shinkafa daga Gulma, Alhaji Garba, da buhunan takin zamani. Na ce wa Bashar ya matsa tsakiya ya ba dattijo taga, ya kuma miƙo jakar.

Ya ce, "Baba, don Allah a bar ni da tagar. Jakar ma akwai abin da nike buƙata ciki."

Na ce, "Kowa na da abin da yake buƙata cikin jakarsa. Kai da ƙarfinka, ba ka jin kunya dattijo ya matse a tsakiya?"

Wani ɗan kamasho ya ce, "Ƙila hoton budurwa ne ciki." Aka yi dariya. Bashar ya sunkuyar da kai ya miƙa jakar. Aka sa ta can ƙasa, aka ɗora buhunan taki, aka ɗaure but da igiya domin ya ƙi rufuwa. Na rubuta da hannuna: jaka ɗaya, tana but.

Ba su fi rabin sa'a da tashi ba sai direban, Sani Dogo, ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Sakatare, mun wuce Zauro, wanga yaro zai mutu mini cikin mota. Ruwa ya sauko muka rufe gilasai, sai ya fara jan numfashi. Yanzu ko magana ba ya yi, leɓensa ya sake launi."

Ta cikin wayar ina jin sautin, kamar ana busa ta cikin kara. Ina kuma jin wata mata tana cewa iska ce ta taɓa shi, wani yana cewa a ɗura masa ruwa. Sani ya rage murya ya ce, "In sauke shi bakin hanya? Ka san abin da zai biyo baya in ya cika a hannuna."

Na ce, "Ka sauke shi, ni da kaina zan rubuta sunanka a matsayin wanda ya yar da shi. Kada ka kashe waya."

Na buɗe rajista na nemo layin sunansa. Na ari wayar shugaba na kira lambar da Bashar ya bayar. Mahaifiyarsa ce. Ban gama bayani ba ta ce, "Asma gare shi tun yana ƙarami. Maganin shaƙarsa na cikin jaka, ba ya rabuwa da ita. Ku ba shi, Malam, mi kuke jira?"

Ban iya gaya mata inda jakar take ba.

Na koma kan Sani na ce a fito da yaron ya zauna, kada a kwantar da shi, kada a ba shi ruwa, a kwance but. Ya ce igiyar ta jiƙe, ƙullin ya ƙi. Ina tsaye a rumfa, waya biyu a kunnuwana, uwa tana salati a ɗaya, a ɗaya kuma sautin nan yana ƙara yin ƙasa. Sai na ji muryar Alhaji Garba: "Kauce, ga wuƙa." Aka ce masa takinsa zai lalace a ruwa. Ya ce, "Ya lalace." Na ji faɗuwar buhuna ɗaya bayan ɗaya, sannan shiru. Can sai Sani ya ce, "Ya shaƙi maganin, abin ya fara sauka. Za mu wuce da shi asibiti a Argungu."

Washegari na je duba Bashar. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa mini gaskiya ba.

Ya ce, "Baba, na taɓa faɗi a wata tasha. Direba ya ce ba ya ɗaukar wanda zai zame masa gawa, ya bar ni tsaye."

Wannan magana ta ƙona mini rai, kuma har yau tana ƙona mini shi. Mun sa yara masu asma, da sikila, da farfaɗiya suna ɓoye ciwonsu don tsoron bakinmu, sannan mu dubi faɗin kafaɗarsu mu yanke hukuncin cewa lafiyarsu lau. A zaman ƙungiya na gaba na nemi a ƙara layi ɗaya a rajista, inda za a tambayi fasinja a asirce ko yana da lalurar da ya kamata direba ya sani, kuma a hana kowa raba mutum da maganinsa. Wasu direbobi sun ce ɓata lokaci ne. Shugaba ya dubi Sani Dogo, Sani ya ce, "Ni na ji sautin. A ƙara layin."

Idan saurayi ya roƙe ku taga, ku ja shi gefe ku tambaye shi a hankali kafin ku koya masa ladabi. Tsohuwar rajistar tana nan cikin akwatina. Duk wanda ya fara jin kansa da doka, ya zo in buɗe masa shafin da na rubuta jaka ɗaya, tana but.