Sabon Inji, Ƙaramar Ƙofa

Tsohuwar motata ta daɗe a mace ƙarƙashin mangwaron gidan hayarmu a Mahuta. Da kanikawa suka ishe ni da ƙarya, na sayo inji ɗan Beljiyam, na rataya sarƙa a reshe, na sauke tsohon, na ɗora sabon da hannuna. Ina murɗa makulli ta tashi.

Na juya kanta zan fita, sai ga bango. Tun tana kwance Baba mai gida ya gina shago a bakin get, ya bar ƙofar da baro kaɗai ke wucewa. Ta nan ma na shigo da injin.

"Ɗana, ai na ɗauka ta rasu," in ji Baba.

Har yau mangwaron nake zagayawa da ita.