Farar Ganye

Ina saurayi fara ta taɓa sauka a gonarmu a Kusasu. Wuni ɗaya ta bar kara tsirara. A shekarar muka binne uwata. Tun daga nan ba na ganin abu mai tsalle a gona hankalina ya kwanta.

Bayan mahara sun tashe mu, na share gona a bakin daji, ni da matata da 'ya'ya uku. Dawa ta yi kyau, saura kamar kwana ashirin ta nuna. Wata safiya na kama wani ƙwaro a kan ganye, kore shar, mai dogayen ƙafafun baya. Na duba na sami shida. Na ce 'yan gaba ne, rundunar fara na tafe.

Wani tsohon Bafillace da ke kiwo kusa da mu ya karɓa ya jujjuya shi. Ya nuna mini gashi biyu a kansa, sirara, sun fi jikin tsawo. Ya ce gashin fara mai cin gona gajere ne. Ya buɗe fiffiken, sak ganye har da jijiya. Ya ce farar ganye ce, ba ta tafiya a taro, a bishiya take zama, cinta kaɗan ne.

"Maigida, bar dawarka ta nuna," in ji shi.

Na ce masa shi shanu ya sani. Matata ta roƙe ni in jira kwana uku. Ban jira ba. Na yanke zangarniya duka, ƙwayar tana ruwa-ruwa, muka zuba a rumbu.

Fara ba ta zo ba. Dawar ta yi fumfuna, wadda ta tsira ta motse, ba gari a ciki. Kafin damina ta dawo yara biyu sun rasu. Uwarsu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta dai daina kallona in za ta miƙo mini ruwa.

Yanzu na san ƙwaron. Namijin ke kuka da magariba, yana goga fiffike, tsik, tsik. Macen na da abu kamar lauje a bayanta, da shi take tsaga gefen ganye ta cusa ƙwai. Fara kuwa a ƙasa take binne nata. 'Ya'yan farar ganye kan fito da damina ba fiffike. Shekara da shekaru ina zama ƙarƙashin bishiya ina kallonsu. Ba wanda ya taɓa tambayata.