Kallabin da Ke Bakin Ƙahon Yaya Bukar

Shekara ashirin da shida ke nan cif, a wannan wata na Rajab, da aka ɗauki yayana Bukar daga gidanmu na Kwaciri aka kai shi makwanci. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake, maƙwabciyata na rubutawa don ta kai wa jarida, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Duk tsawon shekarun nan ba mai ambatonsa. Bana kuwa sai ga matasa da waya a hannu suna sallama a ƙofata, wai sun tono tsofaffin faya-fayansa, wai har a ƙasashen waje ana saurare. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu muryar ƙahon ce: can ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar mai kuka ya kifa fuska a matashin kai. Suka ce salo ne da ya ƙirƙiro. To, ku gyara zama in gaya muku inda salon ya fito.

Mahaifinmu daga Borno ya zo, malami ne mai zaure, mai jan salla a unguwa. Yaya kuwa ya shiga badujalar soja, ya dawo da ƙahon Turawa na tagulla mai maɓallai uku, ya haɗu da makaɗan otal-otal na Sabon Gari. Kiɗan da suke yi jaz ake ce masa: kowa ya faɗi tasa da abin busarsa, sannan su haɗu a ƙarshe. Mutanen yankinmu na Fagge suka ce ɗan Malam ya zama maroƙi. Maroƙin wa? Yaya bai taɓa wasa wani mai kuɗi ba. Busarsa ko sunan mutum babu a ciki.

Baba ya kira shi ya ce, “Bukar, ba zan kore ka ba, saboda uwarka. Amma ranar da maƙwabci ya ji abin nan daga gidana, ka nemi wani uban.”

Shi kuwa ƙaho, in ka kwana biyu ba ka busa ba, leɓe ya mutu. Don haka kullum bayan azahar sai Yaya ya shige ɗakin hatsi, ya karɓi kallabina ya cusa a bakin ƙahon. Ni kuma, ina budurwa, in jawo turmi bakin ƙofa in yi ta daka don in rufe sauran ƙarar. Gero ya daku, in sake dakawa. Inna har faɗa take yi wai na mai da tsaki gari. Wanda ya saurari faifan nan da kunnen basira zai ji takun da yake bi. Takun taɓaryata ne.

Har Baba ya rasu, har Yaya ya yi furfura, bai iya busa ba tare da ƙyallen nan ba, ko a Sabon Gari inda ba mai hana shi. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya yi dariya ya ce, “Falmata, in na cire, sai in ji kamar Baba na tsaye a bayana.” Wannan shi ne salon da kuke yabo. Takunkumi ne muka sa masa, mu 'yan gidansu, har da ni mai kallabin.

Ranar jana'izarsa abokan kiɗansa sun zo. Sande mai gita, wanda ya yi jinyarsa fiye da kowane ɗan'uwa, a bakin layi ya tsaya cikin rana, ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma. Da aka zo rabon gado aka ce ƙaho ba ya shiga, a miƙa wa 'yan gwangwan su narkar da shi. Na sa shi cikin mayafina na fice, ina jin ana cewa Falmata ta haukace.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Kowane shago a Kasuwar Sabon Gari kiɗa ke tashi, jikokin waɗanda suka ƙi gaishe shi suna tafe da abin ji a kunne. Na san shi, dariya zai yi. Ni ce ba na dariya.

Yana da ɗa guda, Kyari. Tun a makaranta ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na kakansa, don kada a ce masa ɗan mai busa. Yanzu Alhaji ne, da ofis a Titin Ibrahim Taiwo. Watan jiya ya zo mini da buhun shinkafa, ya durƙusa har ƙasa.

“Gwaggo, ƙahon Baba nake so. Za a shirya taron karrama shi, a sa a cikin gilashi mutane su gani.”

Na ce, “Baba? Yaushe ka yi uba, Kyari? Ba a gaya mini ba, da na zo barka.”

Ya sunkuyar da kai. “Gwaggo, abin da ya wuce ya wuce.”

“A wurinka. Gilashi ma ai wani kallabin ne, ɗan nan. Ga ƙahon can ƙarƙashin gado, naka ne. Amma sai ka ɗauke shi ka tsaya a ƙofar zauren kakanka bayan la'asar, lokacin da layi ya cika. Ka zare ƙyallen da hannunka, ka busa sau ɗaya. Ba sai ka iya ba. Unguwa kawai ta ji, ka kuma ce na ubanka ne.”

Ya ce zai yi shawara. Kwana talatin ke nan.

Me ya rage na Yaya Bukar? Faifai da ke ɗauke da shaƙaƙƙiyar murya, da kabarin da ni kaɗai na san inda yake, da ƙahon da nake gogewa da toka da lemon tsami duk Juma'a. Cikakkiyar muryar ƙahonsa kuwa ba wanda ya taɓa ji a unguwarmu, ko ni. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana abin da muka yi masa.

Shinkafar tana nan ban kwance ba. Kallabin ma yana bakin ƙahon, inda Yaya ya bar shi. Ni na ba da shi aka cusa, ba kuma ni zan cire ba. Kyari, na san kana karanta jarida. La'asar ɗin gobe ma tana nan.