Hatimin Mai Man Riɗi

Duk wanda ya bi layin masu kayan miya a kasuwar garinmu, hancinsa ne ke fara nuna masa shagon Yeom Pil-gu kafin idonsa. Shekara da shekaru yana soya riɗi yana matse mai, har ƙamshin ya kama fatarsa. Ko ranar Lahadi da ya saka kwat ɗinsa ɗaya tilo, na kusa da shi a coci sai sun ji yunwa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai an tatsa. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya sirka man riɗi da na masara. Matan kasuwa kan ce da Pil-gu ya yi algus, gara ya rufe shago.

Wannan halin ne ya ja masa. Da idanun tsohon ma'ajin coci suka fara dushewa, sai aka ce wanda bai haɗa mai da mai ba, ba zai haɗa kuɗi da kuɗi ba, aka naɗa shi ma'aji, da yake dama dikin ne, wato mai hidimar coci. Tsohon bai koya masa wani dogon lissafi ba. Ya baje ambulan ɗin baiko, kuɗin da masu ibada ke bayarwa, a kan tebur, fari na ushiri, rawaya na godiya, shuɗi na gini, kore na maƙabarta.

"Dikin Yeom, kowane launi da tukunyarsa," in ji tsohon. "Kada ka ƙirga kai kaɗai, ko da kuɗin won ɗari ne kacal. Ina hatiminka?"

Pil-gu ya zaro shi, ɗan guntun katako kamar babban yatsa, an sassaƙa sunansa a gindi, bakin ya rine da jar tawada.

"Kuɗi ba ya fita, kadarar coci ba ta motsi, sai da hatimi biyu, na fasto da naka. An yi su biyu ne don ɗaya ya riƙa tambayar ɗaya. Naka ya kwana a aljihunka. Ko matarka kada ka ba ajiya."

Matar tasa, Tak Sun-rye, da ta ji wannan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ce bakin gidan. Abin da miji ya kasa faɗa a wata, ita za ta faɗe shi kafin ruwa ya tafasa. Tana cikin zumuntar mata, kuma kamar kowace mace a cocin, in za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa a kan kowane baki da ke gidan, ta zuba a ƴar jaka, ranar Lahadi ta kai. Su uku ne da ƴarsu Mi-ran, amma ita cokali huɗu take ɗiba. Da wannan shinkafar cokali, da koren ambulan, matan suka yi ta tari har suka sayi wani tudu a bayan gari, mai fuskantar rana, aka rubuta shi da sunan coci ya zama maƙabarta. Ranar da aka biya kuɗin ƙarshe, tsofaffin mata kuka suka yi.

"Baban Mi-ran, kai ka matse riɗinka, ni na saya mana gida," in ji ta. "Amma ka ji da kyau, in ka je can ma ka dame ni da wannan minsharin naka, zan kwashe tabarmata in koma gefen wani."

Ita ta riga shi tarewa. Ciwon ciki ne, bai ba ta lokaci ba. Aka binne ta a tsakiyar tudun, aka bar masa gurbi a gefenta, dutsen kabarin ma rabinsa aka rubuta, rabi aka bari fili yana jiran sunansa. Tun daga nan Pil-gu bai ƙara sha'awar komai a duniya ba in ban da wannan gurbin. Yakan hau tudun ya zauna a kansa ya ci abincin ranarsa, kamar mai gadin fili kada a rigaye shi.

Sai zancen sabon gini ya taso. Dattijo Seok ne ya kawo shi, mai motocin haya, babban dattijon coci, wanda ya girmi Pil-gu da shekaru. Ya je Seoul, babban birni, ya ga coci mai hawa-hawa, ya dawo ba ya barci. Kada a zalunce shi, mutumin ba ɓarawo ba ne, gidansa ma shi ya fara jinginarwa. Imani ne da shi mai gudu ba birki. Fasto Ok ya yi wa'azi, jama'a suka cika takardun alkawari, mai zobe ta cire zobe, aka fara haƙa.

Gini kuwa kullum da abin da za a biya. Yau siminti, gobe rodi, kuma kowane biya sai an bi Pil-gu kasuwa ya goge hannu ya buga hatimi. Ana gab da bikin kaka na Chuseok, lokacin da kowane gida ke neman man riɗi, layi har bakin titi, Dattijo Seok ya zo da kansa ya tsaya cikin hayaƙi da takardu a hammata.

"Ƙanena, dubi yadda kake wahalar da tsoho," ya ce yana murmushi. "Kawo abin nan in saka a aljihun tebur na ofis. In an gama gini ka ɗauki kayanka."

"Yaya, an ce mini ya kwana a aljihuna."

"Wa ya ce? Wancan da ya makance? To, ko ni ne ba ka yarda da ni ba, ko Fasto?"

Matan da ke layi suka kasa kunne. A garin nan, ƙarami ya dubi idon dattijon coci a gaban jama'a ya ce a'a? Riɗi kuma yana neman ƙonewa a kasko. Pil-gu ya goge tafinsa a riga, ya miƙa hatimin da hannu biyu yana sunkuyar da kai, kamar yadda ake miƙa wa babba abu. Daga ranar hatimi biyu suka kwana a aljihu ɗaya, babu mai tambayar wani.

Ƙirgan Lahadi bai bari ba. Shi da wata dikin za su zauna su ware launi da launi, tsaf, ba ya ɓatar da ko kwabo. Amma in kuɗin ya shiga banki, inda ya nufa kuma sai abin da aka gaya masa. A taron shekara shi ke tsayawa ya karanta rahoto, ko da yake ya ƙi jinin tsayuwa gaban mutane. Ya karanto "lamuni daga banki" da bakinsa. Wani malamin makaranta ya ɗaga hannu zai tambayi me aka ba bankin ya riƙe, sai aka ji daga baya, kamar kowace shekara, "Mu wuce da alheri." Ɗaki ya amsa da amin, aka tafa. Haka ake yi, tambayar kuɗi a gidan Ubangiji ana ganinta ƙarancin bangaskiya. Pil-gu kansa daɗi ya ji, ya samu ya zauna.

Sai ga shekarar da darajar won, kuɗin ƙasarmu, ta faɗi warwas. Masana'antar da rabin ƴan coci ke aiki ta rufe, kuɗin ruwa ya haura, takardun alkawari suka zama takarda kawai. Ginin ya tsaya a hawa na biyu, rodi tsirara yana tsatsa. Pil-gu ya ga shuɗin ambulan yana ƙarewa, ya damu, amma damuwarsa a kan gini take. Ko a mafarki bai kawo tudu ba. Ai kore daban, shuɗi daban.

Da kaka ta sake zagayowa, ya ɗauki lauje ya hau yankan ciyawar kabari kamar kowa. A bakin hanya ya tarar da sabon allo an kafa, an ce fili ya koma hannun wani kamfani ta hanyar gwanjo, masu ƴan uwa a nan su zo su kwashe su. Ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya hau, ya yanke ciyawar Sun-rye tas, ya yanke ta gurbinsa, ya sauko.

Ya sami Dattijo Seok a wani ɗakin haya a bayan tasha, gida ya tafi, motoci sun tafi, mutumin ya zube kamar buhun da aka zazzage.

"Yaya, tudun na matan nan ne. Da cokali suka saya."

"Na sani. Wata shida kawai muka ce za mu jinginar wa banki, kafin kuɗin alkawura su shigo."

"Wa ya yarda?"

"Fasto ya buga. Kai ma ka buga." Seok ya kawar da kai. "Da hannuna ne, amma sunanka ne. Kuma ka karanta a taro, ƙanena, kowa ya ce amin."

Ya lalubi aljihu ya miƙo masa hatimin. Pil-gu ya so ya yi ihu, ya so ya shaƙe shi, amma sai ya karɓa ya jefa a aljihu. Kuma me zai ce? Ba ƙwace aka yi masa ba, da hannu biyu ya miƙa. Baƙin cikin da ya fi ci masa rai ke nan, da an sace ne da ya sami wanda zai tsana.

An kira taro. A wannan karon ba wanda ya ce a wuce da alheri, amma tambaya bayan gwanjo ihu ne bayan hari. Fasto Ok ya nemi gafara da hawaye, bai daɗe ba aka mai da shi wani gari. Tsofaffin mata ba su zagi Pil-gu ba, da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Sun daina zuwa sayen mai ne kawai. Mi-ran ta zo daga birni ta ce a kai ƙara, lauya ya dubi takardun ya ce hatimi biyu ne cif, ba abin da ya karkace.

Ranar tono Pil-gu ya tsaya a kai. Ma'aikatan suka jera ƙasusuwan a kan farar takarda, ɗayansu ya nuna dutsen ya ce, "Baba, za ka tafi da shi? Rabinsa sabo ne." Ya girgiza kai, suka fasa shi suka tura a ramin. Kuɗin sayen wani fili babu, don haka aka ƙona abin da ya rage na Sun-rye, aka ba shi tokar a ɗan tulu, da sauran ɗuminsa.

Gidan ajiyar toka yana can wajen gari, bango ne reras da ƙananan tagogin gilashi, kowace da tulu da hoto. Na daidai ido sun yi tsada, na can ƙasa kusa da daɓe ya iya biya, mai cin tulu ɗaya. Mi-ran ta tambayi ma'aikaciyar ko za a riƙe wa mahaifinta gurbin gefe. Matar ta duba ta ce na dama bango ne, na hagu kuma da mai shi.

Pil-gu ya durƙusa ya saka tulun da kansa. A tagar hagu akwai hoton wani mutum mai tabarau da hular kamun kifi, yana dariya, ba su taɓa saninsa ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ja baya, ya gyara kwat, ya sunkuya ya gaishe shi gaisuwar babba.

"Malam, ga maƙwabciya na kawo maka," ya ce. "Tana da surutu, ka yi haƙuri da ita. Ta taɓa ce mini za ta koma gefen wani, na ɗauka wasa take."

Mi-ran ta juya ta fuskanci bango. Har yau Pil-gu ne ma'aji, don ba wanda ya yarda ya karɓa. Hatimin yana aljihunsa, kwana da wuni, ko da yake cocin ba ta da sauran abin da za a buga shi a kai.